Na Samu Mai Sayen Gidana, Ban Samu Na Saya Ba: In Kama Haya Tukuna?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yanke shawarar sayar da gidan da muke ciki saboda ya yi mana kaɗan, yara sun tasa. Wani ya taya da daraja, amma yana so a gama ciniki mu tashi cikin wata biyu. Har yanzu kuwa ban ga gidan da ya kwanta mini a rai ba. Maiɗakina na ganin mu sallama, mu kama haya, mu ci gaba da nema a tsanake. Ni kuma gani nake haya asara ce, ga wahalar kwashe kaya sau biyu. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, a yadda ka zayyana lamarin na fi karkata ga ra'ayin maiɗakinka, amma da sharaɗi. Bari mu fara da maganar da ka yi cewa haya asara ce, don a nan mutane da yawa suke karkatar da lissafi.

Hayar wata shida, kai ko ta shekara guda, ƙaramin abu ce idan aka jera ta da kuɗin gida. Abin da ke karya mutum shi ne sayen gida alhali wa'adi na binsa. Magidancin da aka ba wata biyu ya tashi da iyalinsa ba ciniki yake yi ba, roƙo yake yi, kuma dillali na gane shi tun kafin ya buɗe baki. Mai gida zai ƙi ragi. Shi kuma zai kau da kai daga tsagewar bango, da rufin da ke yoyo, da takardun da ba su kammala ba, don kawai ya samu inda zai sa kansa. Idan gaggawa ta sa ka ƙara kashi 5 cikin 100 a kan ainihin darajar gida, mai yiwuwa ka riga ka biya kwatankwacin hayar da kake gudu. Idan kuwa gidan bai dace da ku ba, bayan shekara biyu ka sake sa shi a kasuwa, to la'adar dillali da kuɗin lauya da haraji duk za ka sake biyansu daga farko.

Sannan akwai ƙarfin da kuɗi a hannu ke ba mai saye. A Ingila da Wales ciniki ba ya ɗaure kowa sai an yi musayar takardun yarjejeniya, don haka sau da yawa za ka tarar da jerin gidaje huɗu ko biyar, kowa na jiran ya sayar kafin ya saya. Mutum ɗaya ya janye, duk cinikin ya wargaje. Shi ya sa a can masu gidaje ke fifita mai sayen da ba ya jiran kowa, wani lokaci ma su yi masa ragi a kan wanda ya fi shi tayi. Ba sai a Ingila ba, ko'ina haka ɗan'adam yake: wanda ya ce zan biya a makon nan ya fi wanda ya ce jira in sayar da nawa.

Haɗarin da ya kamata ya hana ka barci ba kuɗin haya ba ne, kuɗin gidanka ne da za su zauna suna jira. Ranar da ka sallama, dukiyarka ta tashi daga gini ta koma tsaba, kuma tsabar kuɗi kamar ƙanƙara take a tafin hannu. Kasuwa na iya wuce ka. A Amurka farashin gidaje ya tashi da kusan kashi 19 cikin 100 a shekarar 2021 kaɗai. Ruwan bashin gida na shekara 30 da yake kusan kashi 3 a 2021 ɗin ya haura kashi 7 kafin ƙarshen 2022. Wanda ya sayar a lokacin ya ce bari ya huta shekara guda a haya, ya dawo ya tarar gida ya ƙara tsada, ruwan bashin ma ya ninka. Amma a Amurkar dai, daga 2006 zuwa 2012, farashi ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya sayar ya zauna a haya shi ya ci riba. Babu wanda ya san wanne daga cikin biyun zai faru tun kafin ya faru, har da masu fitowa a talabijin suna hasashe. Saboda haka kada ka kama haya da niyyar jiran farashi ya sauka, wannan caca ce da matsugunin iyalinka. Kasuwar da ka sayar a cikinta ita za ka saya a cikinta. Muddin tazarar gajeriya ce, abin da ka samu a nan shi za ka bayar a can. Tazarar na tsawaita, haɗarin na girma.

Bayan kasuwa akwai hauhawar farashi. Idan a inda kake darajar kuɗi na zubewa wata-wata, shawarata ta canja gaba ɗaya: kada ka saki gini ka riƙe takarda sai ka riga ka ga wanda za ka saya.

Haɗari na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne hannu. Da zarar an ji ka sayar da gida, buƙatu za su fito daga inda ba ka zata ba. Wani zai zo da harkar da za ta ninka kuɗin cikin wata uku, wani rancen da zai biya ƙarshen wata, kai kanka za ka fara ganin motarka ta tsufa. A aikin nan na fi ganin kuɗin gida sun tafi ta wannan hanyar fiye da ta hanyar kasuwa. Ba a kwashe su a rana ɗaya, gutsura ake yi, sai ranar biyan sabon gida a ga lissafi ya ƙi haɗuwa.

Sharaɗina na farko ke nan: kuɗin su shiga asusu na daban, wanda ba ka da katin cirar kuɗi a kansa, kuma kada hayar ta fito daga ciki in da hali. Ka binciki iyakar abin da hukumar inshorar ajiya ta ƙasarka ke biya idan banki ya durƙushe. A Amurka dala 250,000 ce ga kowane mai ajiya a kowane banki, a Birtaniya kuma akwai kariya ta musamman ta wata shida ga kuɗin da aka samu daga sayar da gida. Kuɗin gida kan zarce irin wannan iyaka, don haka raba su a bankuna biyu ko uku ba tsoro ba ne. Ka kuma tambayi lauya ko akwai sassaucin haraji da ke da wa'adi. A Sifaniya, alal misali, ana yafe harajin ribar sayar da gidan zama idan an mayar da kuɗin cikin wani gidan zama a cikin shekara biyu.

Na biyu shi ne wa'adi. Ku zauna kai da maiɗakinka ku ce wata shida, ko tara, ku rubuta abubuwan da gida ba zai yiwu ba sai da su, da waɗanda za a iya haƙura da su. Masu zaman haya na ɗan lokaci da ba su yi haka ba su ne ke wayar gari shekara uku sun wuce suna neman gidan da ba a gina ba.

Ita hayar kanta, abin dubawa a cikinta shi ne ƙofar fita. Wasu wuraren wata-wata ake biya, wasu sai shekara cur a dunƙule. Ka nemi a rubuta cewa za ka iya tashi da sanarwar wata ɗaya ko biyu, da yadda za a yi da ragowar kuɗinka, ko da hakan zai sa hayar ta ɗan ɗaga. Ka kama ƙaramin wuri, ba wanda zai yi muku daɗi har ku manta ba, kuma in zai yiwu a unguwar da kuke son saya. Wata uku a cikinta zai nuna muku yadda take da daddare, da lokacin ruwan sama, da nisan makarantar yara, abubuwan da ziyarar rabin awa da dillali ba ta nunawa. Kwashe kaya sau biyu kam wahala ce, ba zan ɓoye maka ba, kuma wani abin sai ya fashe. Ka sa kuɗin mota da na ma'ajiyar kaya a lissafi, abin da ba a buƙata kullum a bar shi a ɗaure.

Amma kafin duk wannan, ka gwada hanya mafi sauƙi: ka nemi mai sayen ya bar ka a gidan a matsayin ɗan haya bayan an gama ciniki. Ya biya, takardu su koma sunansa, kai kuma ka ci gaba da zama kana biyansa haya zuwa wata rana da aka tsayar. Kuɗi na hannunka, kayanka ba su motsa ba. A Amurka irin wannan zama ba ya cika wuce kwana 60, domin masu ba da bashin gida na shardanta wa mai saye ya tare cikin wannan lokaci. Inda mai saye da kuɗinsa ya biya, sai abin da kuka shirya. Lallai a rubuta: nawa ne hayar, ranar tashi, wa zai yi gyara idan abu ya lalace, da tarar da za ka biya idan ka wuce rana. Akwai kuma bashin gajeren zango da bankuna ke bayarwa don mutum ya saya kafin ya sayar, amma ruwansa na da nauyi, kuma tunda kai mai saye na hannunka, ba ka buƙatarsa.

Wata biyun da ya ba ka, ka ƙara masa roƙon wata uku ta wannan hanya, ka samu biyar. Idan ya ƙi, kuma ka tabbata tayinsa ya fi abin da kasuwa ke bayarwa, sallama masa ku kama haya.