Tauraron da ke aman gas ba mutuwa yake yi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don tambayar da ƙanwarmu ta ajiye jiya da daddare ba ta amsuwa da layi biyu. Ta ce ta karanta cewa akwai taurarin da kan yi aman iskar gas, haskensu ya ƙaru, har faifai ya kewaye su. Shi ne take tambaya ko wannan ce fashewar da tauraro ke yi in zai mutu, kuma ko ranarmu ma wata rana za ta yi haka.

To ƙanwata, duka biyun amsar a'a ce. Fashewar mutuwa, wadda ake kira sufanoba, sau ɗaya ake yin ta, tauraro ya tarwatse, shi ke nan. Waɗannan kuwa da ƙarfinsu, suna tsakiyar rayuwa, suna ƙona haidirojin a cikinsu kamar kowane lafiyayyen tauraro. Abin da suke zubarwa ɗan mitsitsi ne in aka gwada da jikinsu, kuma za su yi yau, su sake yi baɗi, su yi shiru shekara goma, su dawo. Masana suna kiransu taurarin Be. Harafin B ɗin ajinsu ne, wato taurari masu zafi, fari-fat da ratsin shuɗi, zafin fatarsu daga digiri 10,000 zuwa wajen 30,000, alhali rana ba ta kai 6,000 ba. Nauyinsu ya ninka na rana sau uku, wasu har fiye da sau goma. Ƙaramin e ɗin kuma alama ce ta wani abu da ake gani a haskensu, bari in yi bayaninsa, don daga nan labarin ya faro.

Kun san in aka rarraba hasken tauraro yakan baje kamar bakan gizo. A yawancin taurari, za ka ga baƙaƙen zare-zare sun gitta cikin launukan, wuraren da gas ya shanye haske. A 1866 wani limamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, yana duba tauraron Gamma Cassiopeiae daga birnin Rum, sai ya ga abin ya juye. Inda ya kamata zaren haidirojin ya yi baƙi, sai ga shi yana walƙiya, ya fi na gefensa haske. Ma'anar haka, akwai gas mai zafi a wajen tauraron, yana ba da nasa hasken. Sai a 1931 Otto Struve ya kawo bayanin da har yau ake kan asalinsa: ya ce taurarin nan juyi suke yi na fitar hankali, kuma daga ƙugunsu gas ɗin ke fita ya zama zobe.

Yauwa, juyin nan shi ne tushen komai, ku saurara da kyau. Rana tana juyawa, amma a natse: ƙugunta na tafiyar kilomita 2 a daƙiƙa, takan ɗauki kwana 25 kafin ta zagayo. Tauraron Be kuwa ƙugunsa na gudun kilomita 200, 300, wani har 400 a daƙiƙa ɗaya. Ga shi ya fi rana girma nesa ba kusa ba, amma cikin kwana ɗaya ko biyu ya gama zagaye. Katantanwa ke nan. Kuma tunda jikinsa gas ne, ba dutse ba, sai ƙugun ya kumbura, sama da ƙasa su lotsa. Akwai wani mai suna Achernar, yana nesa da mu kamar tafiyar haske ta shekara 139. A 2003 aka auna siffarsa da manyan na'urorin hangen nesa na Turawa da ke Chile, aka tarar ba dunƙulalle ba ne ko kaɗan. Awon da aka tace daga baya ya nuna faɗinsa ta ƙugu ya fi tsayinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Har zafin jikinsa ba ɗaya ba: saman kansa ya fi ƙugun zafi da haske, abin da von Zeipel ya lissafa tun 1924.

Amma ga inda nake so a tsaya a yi tunani, don nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai ka ji an ce ai juyin ne ke wurgar da gas kamar majajjawa. Ba haka kawai ba ne. Juyin shi kaɗai bai isa ba. Kafin gas ya bar fatar tauraro ya shiga kewaya shi, dole ya kai wani takamaiman gudu. Ɗauki misalin duniyarmu: tauraron ɗan'adam na buƙatar kusan kilomita 8 a daƙiƙa don ya zauna a falakinsa, ƙugun duniya kuwa bai kai rabin kilomita ba, tazara mai yawa, shi ya sa ake buƙatar roka. Taurarin Be sun ci mafi yawan wannan tazara da juyinsu, kashi 70, kashi 80 cikin ɗari, wasu ma fiye, amma ba su cike ta ba. Kamar ƙwarya ce da aka cika da ruwa har baki. Ba ta zuba ba tukuna, amma ɗan girgiza kaɗan ya wadatar. To mene ne ke girgiza ta?

Nan ne abin ya fi burge ni, wallahi. Taurarin nan jikinsu kaɗawa yake yi. Ba wai su kumbura gaba ɗaya su sace ba, a'a, wani sashe ya taso, wani ya lotsa, igiyar tana zagaya ƙugu, kamar fatar ganga in an buga ta. Kuma ba kaɗawa iri ɗaya ba ce, iri-iri ce a lokaci guda, kowace da saurinta, rabin yini, yini guda. Ka yi tunanin makaɗa biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri kaɗan. Mafi yawan lokaci bugunsu a warwatse yake, amma can sai ka ji sun faɗo tare, sautin ya yi ƙarfi. A 1998 Thomas Rivinius da Dietrich Baade da abokan aikinsu suka nuna cewa a tauraron Mu Centauri, lokacin da kaɗe-kaɗen suka haɗu suka faɗo tare, lokacin ne yake aman gas. Har suka iya faɗin lokacin da zai sake yi, kuma ya yi. Daga baya kumbon Faransa mai suna CoRoT ya kama wani, HD 49330, yana cikin aman, aka ga yadda ƙarfin kaɗawarsa ke sauyawa tare da aman. Tun da aka harba kumbon TESS a 2018 kuma, an ga kusan duk tauraron Be da aka zuba wa ido yana wannan kaɗawa. An yi zaton maganaɗisu ma, amma da aka bi su da awo ba a sami babban maganaɗisu mai tsari a jikinsu ba. Ni dai hujjar kaɗawa ta fi kwanta mini, ko da yake masana na ci gaba da muhawara kan ko ita kaɗai ke aikin a kowane tauraro.

To gas ya fita, sai me? Ba ya tafiya ko'ina da farko. Yakan taru dab da ƙugu yana kewayawa. Na ciki ya fi na waje sauri, sai su riƙa gogar juna, na ciki yana tura na waje, yana ba shi ƙarfin juyi. Wanda ya karɓa ya matsa waje, wanda ya bayar ya zame ya koma cikin tauraro. A haka faifan ke faɗaɗa daga ciki zuwa waje, siriri, shimfiɗaɗɗe, har ya ninka faɗin tauraron sau da yawa. Masana uku a Japan, Lee da Osaki da Saio, su suka tsara wannan bayani a 1991. Ku lura, wannan kishiyar faifan jaririn tauraro ne. Shi jariri daga waje kayan ke gangarowa yana ci. Wannan kuwa shi ke ciyar da faifansa daga jikinsa. Kuma mafi yawan abin da ya fitar, kusan duka, komawa yake yi gare shi. Kaɗan ne ke tsira ya yi nisa. Ranar da aman ya tsaya, faifan ya fara zagwanyewa, na kusa da tauraro ya fara komawa, cikin watanni ko shekaru ka duba ka ga tauraron B ne kawai, babu ƙaramin e. An bi Omega Canis Majoris shekara da shekaru ana kallon yana ginawa yana rushewa.

Af, na manta, ƙanwata kin ce haske na ƙaruwa. Ba kullum ba. Ya danganta da ta inda muke kallo. In ta saman kai muke hangensa, faifan na shimfiɗe a gabanmu, haskensa ya ƙaru kan na tauraro, sai mu ga ƙari. In kuma ta gefe ne, faifan ya gitta tsakaninmu da shi, ya tare, sai mu ga ya dushe. Abu ɗaya, gani biyu. Zaren haidirojin ɗin nan ma, ja ne, in ka ƙura masa ido a na'ura sai ka ga ya rabu ƙaho biyu, don rabin faifan na tahowa wajenmu, rabi na tafiya. A wasu, irin Zeta Tauri, ƙahon hagu ya fi tsawo, bayan shekara biyu na dama ya fi, saboda gas ya yi tudu a gefe guda kuma tudun na zagayawa a hankali, kusan shekara huɗu kafin ya dawo.

Saura tambaya ɗaya: wa ya sa su wannan juyi tun farko? Wasu da shi aka haife su. Amma da yawa, abokin zama ne. Taurari biyu kusa da juna, babban ya riga tsufa, ya kumbura, gas ɗinsa ya kwarara kan ƙaramin, kwararar ta wulwula shi. Phi Persei shaida ne: a gefensa akwai ɗan ƙaramin tauraro mai tsananin zafi, ragowar wanda aka yashe, suna zagaya juna a kwana 127. Irin wannan yasasshen abokin har ya taɓa ruɗa masana. A 2020 aka sanar cewa an gano baƙin rami, wato abin nan da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, mafi kusa da mu, a wajen wani tauraro mai suna HR 6819. Zuwa 2022 da aka sake dubawa da kyau, babu baƙin rami, tauraron Be ne da abokin da ya gama yashewa. In kuma abokin ya yi sufanoba ya bar tauraron niyutiron, wato ɗan ƙaramin ragowarsa mai tsananin nauyi, to duk sanda ragowar nan ya ratso kusa da faifan sai ya ɗebi gas, hasken eksire ya tashi. A0535+26 da aka gano a 1975 haka yake, zagayensa kwana 111 ne. Wannan shi ne aman da ke da ƙarfi na gaske, amma shi ma ba mutuwar tauraron Be ba ce.

Batun rana kuwa, ki kwantar da hankalinki. Mai tafiyar kilomita 2 ina ita ina wannan, sai ta kai sama da kilomita 400 a daƙiƙa kafin ƙugunta ya fara saki. Tana da nata tofin na maganaɗisu, amma wannan wani babi ne daban.

Abin da nake so ku yi, ku fita ku gan su da idonku, don ba ɓoyayyu ba ne. Cikin taurarin ajin B, kusan ɗaya cikin biyar Be ne. Kaza da 'ya'yanta ɗin nan da kowa ya sani, huɗu daga cikin masu haskenta Be ne: Alcyone, Electra, Merope da Pleione. In kana da ƙaramin madubin hangen nesa na hannu, duba gefen gabas na tarin, za ka ga biyu manne da juna, mai ƙarancin hasken shi ne Pleione. Duk sanda na kalle shi sai na tuna cewa wannan ɗan ɗigon ya sha gina faifai ya zubar tun da aka fara binsa a ƙarni na 19. Gamma Cassiopeiae kuma shi ne na tsakiyar taurari biyar ɗin nan masu siffar W a arewa. A 1937 ya yi haske sosai, zuwa 1940 ya koma ƙasa da sulusin hakan. Sai Delta Scorpii, na tsakiya cikin ukun da ke goshin tarin taurarin da ake kira Kunama. A tsakiyar shekarar 2000 wani mai kallon taurari don sha'awa a Ajantina, Sebastián Otero, da ido kawai ya lura ya fi yadda ya saba haske. Aka juya na'urori, sai ga zaren haidirojin na walƙiya, faifai na tsirowa, kuma hasken ya ci gaba da hawa har ya kusa ninkawa. Yana da abokin da kan matso kusa da shi duk bayan kusan shekara 11: ya zo a 2000, ya zo a 2011, ya zo a 2022, ana sa ran dawowarsa wajen 2033 in Allah ya kai mu. Ki gwada Delta Scorpii da na samansa da na ƙasansa, ki rubuta wanda ya fi haske da kwanan wata, ki sake dubawa bayan wata guda. Wassalamu alaikum.