Yankan ganyen dankali don awaki: yana rage amfani?

Malam, ka tambaya ko yankar wa awaki ganyen dankalin Hausa yana rage abin da za ka haƙa. Yana ragewa, amma ya danganta da lokacin yankan da yawan abin da ka ɗiba.

Ganye ne ke haɗa abincin da saiwa ke tarawa har ta yi ƙiba. Makonni 6 zuwa 8 na farko bayan dasawa, lokacin ne saiwa ke ɗaura 'ya'ya. In ka taɓa ganye a nan, 'yan sirara kamar yatsa za ka tono. Bayan wata biyu, idan yaɗo ya rufe kunya, tsinki kan reshe kamar taƙi ɗaya, kada ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ka bar shi mako uku ya farfaɗo.

Abin da na fi jiye maka a yankin Garwa, a arewacin Kamaru, shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba. Kunya in ta rasa inuwar ganye sai ta bushe ta tsage, ƙwaro ya bi tsagar ya huda dankalin, ya yi ɗaci. Riƙa jawo ƙasa kana toshewa. Yanke yaɗo gaba ɗaya kuwa, bari sai ana saura 'yan kwanaki haƙa.