Inda Kifi Yake Kwana Da Hunturu

Jiya da muka fito daga ruwa da ɗan abin da bai cika kwano ba, ka tsare ni a bakin gaɓa kana rawar ɗari, ka ce: "Baba, wai ina kifin tafkin nan yake shiga in hunturu ya kama? Sati biyu muna zuba taru inda muka saba, ba ma ɗago komai sai ciyawa." Ka ga na naɗe igiyata na wuce ban tanka ba. Ba ƙin amsawa na yi ba. Rabon da wani yaro ya yi mini wannan tambaya, da irin wannan ladabi, an fi shekara ashirin, kuma amsar da na ba shi ta ci mini inji da bijimin sa. Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Zauna ka ji.

Kifi bai je ko'ina ba, ɗana. Ku ne kuke zuwa inda ba ya nan. Kun ga wuri ya ba ku kifi da bazara, shi ke nan kun ɗaura masa aure har abada.

Ka fara duba ruwan kansa. Tafkin Kainji ruwa biyu yake sha a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda yake cika tafkin daga Agusta zuwa Oktoba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda aka yi ruwansa tun can duwatsun Gini, ya bi ta fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ya biyo ta Yamai da Gaya, bai iso mana ba sai sanyi ya shiga. Shi ne yake riƙe tafkin a cike har wajen Fabrairu ko Maris. To ka lissafa: ruwa ya yi yawa, ya haye burgu da saura da gindin itatuwa, kifin da yake cunkushe a wuri ɗaya lokacin da ruwa ya janye yanzu ya samu gidaje dubu. Ga shi ruwan ya washe, kifi yana ganin zaren tarunka da rana tsaka. Ba banza aka ce kifi na ganinka mai jar koma ba. Ku kuma ku je ku shimfiɗa taru a ruwa garau daren sha huɗu ga wata, farin wata kamar rana, ku dawo kuna cewa an yi muku baki.

Sai kuma sanyin. Jikin kifi da ruwa tafiyarsu ɗaya, in ruwa ya yi sanyi shi ma ya yi sanyi. Cinsa ya ragu, yawonsa ya ragu. Taru kuwa ba ya bin kifi, jira yake kifi ya zo ya faɗa. Wanda ba ya yawo ta yaya zai faɗa? Dole kai ka kai masa har ƙofar ɗaki.

Karfasa ita ce ta fi kowa tsoron ɗari. Da asuba kada ka ɓata wa kanka lokaci a kanta. Bari rana ta ɗaga, wajen azahar, ka nemi lungun da tudu ya tare masa iskar gabas, inda ruwa bai wuce ƙugu ba kuma akwai burgu. Nan take fitowa shan hantsi kamar tsofaffin ƙofar masallaci. Ka shiga a hankali, ka jefa birgi, wato komar jefawa. Yadda ake jefa birgi ba zan tsaya koya maka ba, in har yanzu ba ka iya ba ka koma gida ka kama tallan rake. Tarwaɗa tana ƙasa cikin laka, kurungu yana jikin duwatsu, waɗannan ko yaron goye ya sani.

Wanda ake yin sana'ar dominsa shi ne giwan ruwa, kuma a kansa ne abin ya same ni.

Da bazara, in zafi ya tsananta, ruwan ƙasa a wurare masu zurfi lalacewa yake yi. Ba iska a cikinsa, wani lokaci in ka jawo igiya har wari kake ji kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kifin da ya faɗa taru a can kafin safiya ya mutu ya kumbura. Amma da hunturu, saman ruwa yana hucewa da dare ya yi nauyi ya nutse, iska kuma ta yi ta juya tafkin kamar ana tuƙa tuwo, sai na sama da na ƙasa su gauraya. Zurfin da kake gudu da bazara, yanzu kifi yana iya zama a cikinsa. Shi giwan ruwa ba a tsakiyar fili yake tsayawa ba. Gefe yake so, inda tudu ya yanke ya gangara cikin tsohon kogi, musamman in akwai matattun itatuwa a wurin. Nan yake laɓewa yana jiran ƙananan kifi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya san Kwara tun tana kogi, kafin a tare ta a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da garuruwan da ba ka taɓa jin sunansu ba. Shi in yana cikin jirgi ba ruwa yake gani ba, ƙasar da ke ƙarƙashi yake gani. Sai ya ce nan kasuwa ce, nan mashaya ce, nan akwai tsamiya uku a jere. Ya nuna mini wani wuri inda tsohon kogi ya yi kwana a gindin wasu itatuwa. Kana kan zurfin gaba huɗu, ka tura jirgi tsawonsa biyu, sai dalmar awon zurfi ta tafi gaba tara. Ya ce da ni wannan wuri rumbu ne, ba a buɗe rumbu a gaban baƙo. Shekara da shekaru, duk hunturu, in sauran masunta suna zaune suna jin wuta suna ɗinkin taru, ni ina fita in dawo da giwa biyu, uku, wani lokaci wanda sai mutum biyu sun kama. Ƙugiya goma sha biyu kawai nake sawa, da ɗan karfasa mai rai a kowace, a soke shi ta baya don kada ya mutu. Ban taɓa zuba taru a wurin ba, saboda itatuwan.

Shekarar da aka haifi 'yata ta biyu, wani Alhaji ya fara zuwa kasuwar Yawuri da motar ƙanƙara. Ɗanyen giwan ruwa yake saye ya kai birni, ba ruwansa da banda. Da hunturu kaya sun yi wuya, aka ce masa ai wane ne kaɗai yake samu. Ya zo har gida. Ya kawo goro, ya kawo wa uwargida turmin atamfa, yana kirana Sarkin Ruwa alhali ko mai unguwa ban taɓa riƙewa ba. Karon farko ya biya lakadan, har da ƙari a kan kuɗin kasuwa. Karo na biyu haka. Kaina ya yi girma. Ya ce mutum irina bai kamata yana tuƙi da filafili ba. Na je na karɓi inji bashi, a kan zan biya kafin ruwa ya janye.

A zuwa na uku ya zo da wani yaro, sa'arka. Ya ce ɗan ƙanwarsa ne, maraya, yana son koyon su, in taimaka ya riƙa bina ko da kwasar ruwa a jirgi ne. Yaron nan ban taɓa ganin mai ladabinsa ba. Shi ke ɗaukar mini buta, shi ke wanke jirgi, ba ya zama in ina tsaye. Ran nan muna tsakiyar ruwa ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, wai ina kifi yake shiga da sanyi?" Ni kuma bakina ya buɗe. Na nuna masa yadda ake riƙe wuri a ruwan da ba shi da alama: ka daidaita kukar can da tsagin dutsen da ke bayanta, ka juya ka daidaita giginyar wancan ƙetare da bakin rafi, inda layi biyun suka haɗu nan ne. Na nuna masa in hazo ya rufe gaɓa ba a ganin komai, yadda ake bi da igiya da dalma, ana jin ƙasa: in dalma ta buga ƙwas dutse ne, in ta lume laka ce, in ta yi karo ta saki reshe ne. Abin da mahaifina ya yi shekara goma kafin ya sakar mini, na juye wa ɗan mutane cikin kwana shida, don kawai yana cewa "ikon Allah, Baba" duk sanda na yi magana.

Satin nan Allah ya buɗa. Na kwana huɗu ina fita, na tara kayan da ban taɓa tarawa a hunturu ɗaya ba. Aka auna, aka loda a ƙanƙara. Alhaji ya shafa aljihu ya ce kuɗin da ya zo da su sun ƙare a wajen wasu, amma kasuwa mai zuwa zai kawo nawa gaba ɗaya, ai ga ɗansa ma a hannuna. Na ce haba Alhaji, ai mun zama ɗaya. Ba takarda, ba shaida sai direbansa.

Kwana biyu yaro ya ce an aiko kakarsa ba lafiya. Har kuɗin mota na ba shi. Ka ji wauta.

Kasuwa ta zo ba Alhaji. Ta sake zagayowa ba Alhaji. Ran da na koma wurina da asuba, tun daga nesa na ji ƙarar inji. Jirage biyar na tarar a kan rumbun mahaifina, wasu mutane da ban sani ba, an ba su sababbin taruna na roba, ga yaron nan a tsaye a gaban jirgi yana nuna musu kuka da tsagin dutse da hannunsa. Ya gan ni. Wallahi ko kunya bai ji ba, har ya ɗaga mini hannu.

Da sun kama kifin sun tafi da sauƙi. Jahilai ne, ba su san abin da ya sa ban taɓa zuba taru a wurin ba. Suka zagaye itatuwan, rabin tarunan suka sarƙe a rassa, suka ja suka kasa, suka yanke suka bar su a ƙasa. Tarun roba kuwa ba ya ruɓewa da wuri. Yana nan a ƙasa yana kama kifi, kifin ya mutu ya ruɓe, wani ya zo ya faɗa, ba mai ci. Kwana goma suka yi suka watse. Ni kuma duk ƙugiyar da na saka sai ta kama tsumman taru. Na yi hunturu uku ina gwadawa kafin na haƙura.

Na kai ƙara wajen Sarkin Ruwa na gaske. Ya saurare ni har na gama, ya ce kuɗin kifi ina shaidarka? Na ce direbansa. Dattawa suka yi murmushi. Ya ce wurin kuma, ruwa na Allah ne, da bakinka ka nuna. Mai inji ya zo ya kwance injinsa, abin da na riga na biya ya bi ruwa, sauran bashin taru da mai na sayar da bijimin da nake turke da shi na biya. Bayan shekaru na haɗu da Alhajin a wajen wani ɗaurin aure, ya ƙara ƙiba, ya miƙo mini hannu biyu yana tambayar iyali. Na karɓa don idon jama'a. Mutane suna cewa in yafe. Na ji, amma har yau in na ga motar ƙanƙara sai na ji ɗaci a bakina.

Ku yaran yanzu ma ba sai an turo muku ɗan leƙen asiri ba, da kanku kuke tallar wurinku. Mutum ya kama giwa ɗaya, kafin ya iso gaɓa ya ɗauki hoto ya watsa a Facebook, ga dutse ga itace a bayansa duk mai ido ya gane wurin. Kwanaki ka nuna mini a wayarka mutanen Amurka suna huda ƙanƙara a kan tafki suna zura ƙugiya, da wata na'ura mai nuna kifi a allo, suna ciro wani ɗan kifi mai faɗi kamar karfasa. Ka ce da muna da irinta da mun huta. Na kalla da kyau. Ina suke samunsa? A gefen zurfi, a kan matattun rassa, a cunkushe wuri ɗaya. Abin da dalmar mahaifina take faɗa masa ke nan ba batir. Kai da ba ka san inda tsohon kogi ya bi ba, ko an ba ka na'urar yawo za ka yi ta yi da ita kana ƙona mai.

Wurin da nake zuwa yanzu ba zan nuna maka ba, kada ma ka sa rai, ko 'ya'yan cikina sai na ga kamun ludayinsu. Abin da zan yi maka shi ne in koya maka neman naka. Ka samo igiya gaba goma sha biyar, ka ƙulla ƙulli a kowace gaba, ka ɗaura dalma mai nauyi. Ka je wajen tsofaffin da aka taso daga garuruwan da ruwa ya ci, ka kai musu goro, ka tambaye su inda mashayarsu take da inda manyan itatuwa suke, su ba sa rowar wannan labari, daɗinsa ma suke ji. In ka ga tsuntsaye suna faɗawa ruwa wuri ɗaya da sassafe, warangi ne a ƙasa, kuma ba a rasa babba a bayansu. Iska in ta taso da hantsi kada ka yi taurin kai a tsakiya, kututturan nan ba sa gaya wa jirgi suna nan.

Tarunan da kuka zuba jiya ku je ku kwashe, wata ya yi haske da yawa, a bar su sai ya fara duhu. Gobe bayan sallar asuba ka same ni a bakin jirgi da igiyar. Wayar ka bar ta a gida.