Ƙananan kayan aikin da mai ɗaukar hoto ke buƙata a jakarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara sana'ar ɗaukar hoto, kuma farantin da ke haɗa kyamarata da sandarta mai ƙafa uku yana yawan kwancewa ana tsakar aiki. Na kuma gwada ɗaure wani ɗan sukuru a jikin kyamarar da sukudireban gida, sai kansa ya fara cinyewa. Waɗanne kayan aiki ya kamata in tanada?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da sukurun da ya cinye, domin nan ne ɓarna ta fi yawa. Kyamarorin Canon, Nikon, Sony da Fujifilm na kamfanonin Japan ne, kuma ƙananan sukurorinsu masu kan gicciye yawanci suna bin ma'aunin masana'antun ƙasar, wanda ake kira JIS. A ido suna kama da na Phillips da kowa ya sani, amma bakin sukudireban Phillips ba ya zama daram a ramin JIS. Da zarar ka matsa sai ya ɗago ya zame, kuma kowace zamewa tana gutsurar gefen ramin har ya koma zagaye. Nemi sukudireba na JIS mai lamba 0, 00 da 000. Ka danna shi ƙasa sosai kafin ka juya, ka riƙe shi a miƙe, kuma ka tsaya da zarar sukurun ya kama, domin wasu a cikin roba suke zaune, ɗaurin ƙarfi yana cinye tiredinsu, wato layukan murɗin da sukuru ke kamawa da su.

Maganar faranti ta fi sauƙi. Ramin da ke ƙasan kyamara yana karɓar sukuru mai kaurin kwata na inci da tiredi 20 a kowane inci, yayin da kan sandar yakan hau kan mai 3/8 na inci da tiredi 16. Wasu farantan da sulalla ake ɗaure su, wasu kuma da alanki, wato lanƙwasasshen ɗan ƙarfen nan mai gefe shida. Mai milimita 4 da mai 5/32 na inci su ne aka fi samu, kuma ina ba ka shawarar ka riƙe cikakken jeri na milimita da na inci, saboda wanda ya ɗan yi wa rami ƙanƙanta zai juya a ciki ya lalata shi. Ka kula da tsawon sukurun ma: littattafan jagora na Sony suna gargaɗin kada ya kai milimita 5.5. Idan ya yi tsawo zai tokari ƙarshen ramin kafin farantin ya manne da jikin kyamarar, ka ji kamar ya ɗauru alhali yana lilo, kuma ƙara matsawa na iya fasa ciki. Duba wannan tukuna, wataƙila shi ne damuwarka.

Sai filta, wato ɗan gilashin nan mai zobe da ake murɗawa a gaba, idan ta maƙale a bakin gilashin kyamara. Zoben alminiyam siriri ne, idan ka matse shi da yatsu biyu yakan ɗan lotsa ya ƙara cijewa. Akwai ɗan makamin roba mai siffar zobe da ke rungumar filtar ta kowane gefe, shi ya kamata ka saya daidai da faɗin gilashinka. Filaya kuwa kada ta kusanci wurin ko kaɗan. Ƙara da 'yar robar hura iska don kore ƙura kafin ka goge gilashi da ƙyalle mai laushi, tunda ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta bar zane.

Akwai kuma sifana mai baki biyu da ake kwance zoben da ke riƙe gilasai a ciki. Ban so ka saya ba. Idan bakinta ya zame, a kan gilashin zai faɗa, kuma mayar da gilasan daidai mazauninsu na buƙatar na'urar gwaji. Haka nan kada ka buɗe filasha, wato fitilar kyamara mai walƙiya, domin tana ajiye wutar da ta kai kusan volt 300 ko bayan an cire batir. Waɗannan biyu aikin ƙwararren mai gyara ne, shi ma sukurun da kansa ya cinye ka kai masa ya cire tun bai ƙarasa shafewa ba.