Amsar Kawu kan kiɗan Turawan da

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ji tambayarka, wai ko Turawan zamanin da suna da wani kiɗa ban da waƙar coci. Na san inda ka dosa, so kake ka ji ko daga wajen Larabawa suka kwaso. To saurara.

Waƙar coci dai ba ganga ba molo, murya ce zalla da Latin. Ita ta fi yawa a takarda don 'yan coci ne masu alƙalami. Wani ɗan zuhudu a Italiya, Guido na garin Arezzo, shi ya tsara layukan rubuta sautin waƙa wajen 1025, daga nan sunayen sautuka, do re mi, suka fito. A'a, tsaya, "ut" yake cewa lokacin, "do" daga baya aka sauya.

Amma kayan kiɗa fa? Molon nan nasu mai ciki kamar rabin ƙwarya, lut, sunan ma daga al-ud ne, wato udu, molon Larabawa. Rebek kuma, ɗan'uwan goge, daga rababa, gogen Larabawa. Wani makaɗi, Ziryab, ya baro Bagadaza ya sauka Kurɗuba ta ƙasar Andalus a 822, shi ake cewa ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. Sarki Alfonso na 10 na Kastila, a ƙasar Sifen, a ƙarni na 13, ya sa an tara waƙoƙin yabon Maryamu sama da 400, kuma a zanen littafin ga Musulmi ga Kirista gefe da gefe, kowa rungume da molonsa.

Wallahi wannan zanen na kai wa wani malaminmu a kwaleji, har da hoton da na biya aka buga min. Ya ɗaga takardar da yatsa biyu kamar ya tsinci tsumma, ya ce ba ya cikin manhaja. Jan biro ya zuba min! Shekara ashirin ke nan, har yau in na tuna... to, a bar wannan.

Ina muka tsaya? Yauwa, mawaƙan kudancin Faransa, turubado. Waƙar soyayya suke yi da yarensu. Na farkon da aka sani, Wiliyam na 9 na Akiten, basarake ne mai ƙasa guda, shi da kansa yake tsara waƙa, wasu ma na batsa. Ka ga wannan a fadar nan tamu? Sarki ya karɓe aikin maroƙi? Cajina ya kusa ƙarewa, zancen algaita sai anjima.