Amsa ga ƙanena kan finafinan bauta

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji tambayarka, wai dukan da ake nunawa a finafinan bayin Amurka, anya ba gishiri masu fim suka zuba ba? To, ka yi haƙuri, sauti zan yi, hannuna ba ya son rubutu yau.

Ɗauki fim ɗin 12 Years a Slave na 2013. Ba ƙagaggen labari ba ne. Solomon Northup ɗa ne, ba bawa ba, mai goge ne a jihar New York, aka yaudare shi zuwa Washington a 1841 aka sayar. Sai 1853 ya kuɓuta daga Louisiana, kuma a shekarar littafinsa ya fito. Awon audugar nan da ake yi kowace yamma, wanda bai kai laba 200 ba a zane shi, yana cikin littafin. Wato kusan kilo 90 fa, a yini guda. Patsey kuwa, wata baiwa da suke gona ɗaya da Solomon, laba 500 take tsinka, amma bai hana a ɗaure ta a yi mata bulala ba.

Sai dai ni, wallahi, ba bulalar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Akwai inda aka rataye Solomon a fim ɗin, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa laka, kyamara ta ƙi motsi, yara na wasa a bayansa, kowa na sabgar gabansa. Ka gane? Abin ya zama jiki. Sai Eliza, wata baiwar da aka raba ta da 'ya'yanta a kasuwar New Orleans, matar maigida tana ce mata za ta manta da su. Uwa fa!

Inda nake da ƙorafi shi ne, Solomon ya koma gida, mai kallo ya share hawaye ya tashi. Patsey fa? Can aka baro ta a gonar, kamar yawancinsu.

Kuma kada mu ɗauka abin na ƙetare ne kawai. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, yaro ne aka sace aka haye Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu ita ma aka bautar da ita. Wanda ke da shi a waya don Allah ya turo mana, na daɗe ina nema.