Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ɗalibaina Suka Ƙi Kallon Katun Ɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare, kuma tun ina yaro nake zane. Shekara biyu ke nan ina koyon haɗa katun a kwamfuta. Burina in yi shiri mai dogon zango da Hausa a kan tsuntsaye da itatuwa da ruwan yankinmu, don yara 'yan shekara 9 zuwa 13. Na haɗa gwaji na minti huɗu, inda wata balbela take yi wa yara bayanin illar sare itace. Ƙananan yara sun zauna sun kalla, amma ɗalibaina da na yi abin dominsu ko minti biyu ba su cika ba suka shiga hirarsu. Ina kuskuren yake? Kuma mutum ɗaya zai iya wannan aiki? Daga wani malami a Nguru, Jihar Yobe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, musamman da ba ka ɗora wa yaran laifi ba. Lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wajen balbelarka.

Duba yadda yaro ɗan shekara 11 yake wuni. Da safe boko, da yamma islamiyya, a gida ga aike ga faɗan iyaye. Idan ya samu ya zauna gaban talabijin ko waya, sai ya ji tsuntsu ya buɗe baki da "yara, ku sani cewa", nan take ya gane darasi ne aka sauya wa riga. Ɗan shekara biyar launi da waƙa sun ishe shi. Shi kuwa wanda ya fara wayo so yake ya san me zai faru gaba, wa zai tsira, wa zai ji kunya, kuma yana son a ɗauke shi a matsayin mai hankali. Ni ma a hannun yarinya na koyi wannan. Shekarun baya na haɗa wani ɗan gajeren katun kan ruwan rijiya, na rufe shi da wani dattijo yana nasiha. Na tara 'ya'yan yayata a tsakar gida bayan isha'i na kunna musu. Da ya ƙare, babbar cikinsu, mai shekara 12, ta dube ni ta ce, "Kawu, ai tun da tsohon nan ya zauna na san abin da zai faɗa." A daren na yanke nasihar. Abin da ya rage ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba, kuma saƙon bai je ko'ina ba.

Shawarata ita ce ka daina neman wanda zai yi bayanin halitta, ka bar halittar ta zama ita ce ke jefa mutanen labarinka cikin tsaka-mai-wuya. Kuma Allah Ya ajiye ka a inda ba sai ka ƙago komai ba. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka saka cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malalowa yankinku ya sauya. Hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka koma ba sa rabuwa da ruwa, kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama, ta toshe hanyar kwale-kwale, ta cinye gonaki da wuraren kiwo. A cikin kacalar nan jan baki, ɗan tsuntsun nan mai tashi garke-garke, ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa da gero. Ka ga zare ɗaya ya ɗaure masunci da manomi da makiyayi, kowanne kuma da gaskiyarsa.

Bari in nuna maka yadda ni zan buɗe kashi na farko da a ce nawa ne. Asuba ce, hazo bai gama ɗagawa ba. Yaro ɗan shekara 10 yana tsaye a kan ɗan gadon itace da aka ɗaga a tsakiyar gonar shinkafa, igiyoyi sun fita daga hannunsa zuwa kusurwoyin gona, an rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Shiru. Sai wani abu kamar hayaƙi ya taso daga bakin kacala, ya lanƙwasa, ya nufo shi. Ya ja igiya da iya ƙarfinsa, gwangwanaye suka ɗau ƙara, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Yayarsa mai shekara 13 ta taho a guje da majajjawa. Da ƙura ta lafa, suka tsinci wani tsuntsu a gefen ruwa, ba jan baki ba ne, fiffikensa ya ji ciwo, a ƙafarsa kuma akwai ɗan zoben ƙarfe da lambobi da wani rubutu da ba su san harshensa ba. Babu wanda ya yi wa kowa bayani, amma ina tabbatar maka babu ɗalibin da zai juya ya yi hira kafin ya ji daga ina zoben nan ya fito.

Zoben ba almara ba ne. Tun 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba don a gane inda suke zuwa, kuma har yau masana suna yi. Tsuntsayen da ke cika dausayinku da sanyin hunturu, da yawansu daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku da Sahara, su koma kafin damina. Zango guda cur yana cikin wannan: yaran suna jinyar tsuntsun a ɓoye, kakansu masunci ya san lokacin zuwan kowane tsuntsu ba tare da kalanda ba, kawunsu manomi kuwa ya tsani duk wani mai fiffike saboda asarar da ya tafka bara. Kada ka mai da kawun nan mugu. Mutumin da ya ga guminsa na wata huɗu ya tashi sama a wuni ɗaya yana da hujjar yin fushi, kuma yaran da za su kalla sun san irinsa a gidajensu. In ka yi masa adalci za su yarda da kai a sauran abin da za ka nuna musu. Can gaba sai yaran su gano da kansu cewa asalin abincin jan baki 'ya'yan ciyawar daji ne, idan sun yi ƙaranci ne yake tsananta wa gona. Nan tambaya ta sauya, ta koma ina ciyawar ta tafi.

Ka lura na sa yarinyar ta ɗan girmi yawancin masu kallo. Da gangan na yi. Yara sun fi son bin wanda ya ɗan fi su shekaru, ba sa son a haɗa su da ƙannensu.

Sai maganar dabbobi masu magana. Mu jikokin Gizo da Ƙoƙi ne, kunnenmu ya saba da kura tana magana, don haka ba laifi ba ne. Amma dole ka zaɓi ɗaya. A tatsuniya kura wawuya ce mai kwaɗayi. A daji kuwa dabba ce mai kaifin wayo, mafarauciya ta gaske, kuma mata ne ke jan ragamar garken. Idan ka cakuɗa biyun, yaro ba zai san wanne zai ɗauka ba. Ga 'yan shekarun da ka nufa, ni na fi son dabbobi su yi halinsu na dabbobi, bakinsu a rufe. In kana marmarin tatsuniya, ka sa kaka ta bayar da ita da dare, ka zana ta da wani salo daban, washegari yaran su ga yadda abin yake a zahiri.

Gaskiyar halitta ma ta fi ƙage ban mamaki. Ɗauki gaiwa. Kifi ne amma yana da huhu, yana shaƙar iska. Idan ruwa ya janye sai ya nutsa cikin taɓo, ya lulluɓe kansa da yauƙin jikinsa har ya bushe ya zama kamar jaka, ya bar 'yar ƙofar numfashi, ya kwanta watanni har ruwa ya dawo. Iyayenmu sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kimiyya kuma ta tabbatar da cewa naman jikinta ne take narkarwa ta rayu a wannan zaman. Ka yi tunanin yaran nan suna haƙar yumɓu da rani don gyaran ɗaki, sai ƙasa ta motsa a hannunsu. Haka gawo, da yake kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Haka shamuwa, da manomi ke ganinta ya fara gyaran fartanya. Kowannensu kashi guda ne.

Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka zana daji daga cikin kwamfuta. Na ga ayyukan matasanmu da yawa inda sunan jarumin na Hausa ne amma itatuwan bayansa na wata nahiya ne, saboda hotunan da suka samu kyauta a intanet ke nan. Ka ɗauki littafin zane da fensir ka fita. Ka zauna gaban goruba ka ga yadda take rassa, giginya kuwa ta miƙe sambal ita kaɗai. Ka lura da launin sama a hunturu da launinta a bazara kafin hadari. Ka ɗauki sauti da wayarka: kukan kwaɗi bayan ruwan farko, bugun gora a kan ruwa, ƙarar gwangwanayen nan. Ka zauna da masunta da makiyaya ka rubuta sunayen da suke kiran kowane tsuntsu da kifi. Kafin ka fitar da kowane kashi, ka ba wani masani ya duba maka. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos, kuma masana irin waɗannan suna murna idan suka ga mai son kai iliminsu ga yara.

Tambayarka ta biyu lissafi ne ke amsa ta. Idan za ka zana komai da hannu, abin da aka saba shi ne zane 12 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya zane 720 ke nan, kashi mai minti 11 kuwa 7,920. Ga aji, ga iyali, ga ɗauke wuta. Mutum ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Mafita ita ce ka zana kowane jarumi sau ɗaya, ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, baki kala-kala, ka riƙa motsa shi kamar 'yar tsana. Manhajojin Blender da OpenToonz da Synfig duk suna yin wannan, kuma kyauta ne, manhajar Krita kuma ta isa zanen bango, wato hoton wurin da ke bayan jarumai. Ƙarfinka ka adana shi don wurare biyu ko uku a kowane kashi, kamar tasowar garken jan baki.

Tsarin aikin ma akwai na bi. Rubutu tukuna. Sai ɗaukar murya, da yaran Nguru na gaske, su yi magana yadda suke yi a gida, da izinin iyayensu a rubuce. Ɗaki mai katifu da barguna a bango ya isa situdiyo. Daga nan ka yi zane na gaggawa marar launi, ka jera shi a kan muryoyin, ka kai aji ka kunna. Ka zauna a baya, idonka a kan yaran, ka rubuta daƙiƙar da kai na farko ya juya. Wurin nan za ka gyara, tun kafin ka kashe wata uku kana motsa abin da za a yanke. Ka nemi abokan aiki biyu, mai kula da sauti da mai taya ka zanen bango, ku rubuta yarjejeniyar wa ke da me tun babu ko sisi a tsakani.

Kuɗi kuwa, kada ka dogara da YouTube kaɗai. Tun farkon 2020, bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ba a saka masa tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo, ana kuma rufe wurin sharhi, don haka abin da ke shigowa kaɗan ne. Gara ka kammala kashi uku masu minti biyar-biyar masu kyau, ka ɗauke su zuwa gidajen talabijin da ƙungiyoyin kare muhalli da hukumomin ilimi. Wanda ya ga aiki a gabansa ya fi saurin sauraro a kan wanda aka kai wa takarda.

TAMBAYA: Malam, ɗiyata mai shekara 14 ta nace sai na saya mata kwamfuta don ta koyi katun, ni kuwa ba ni da hali yanzu. Akwai abin da za ta fara da shi? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, akwai, kuma yana cikin gidanki. Ki samo mata ƙaramin littafi mai shafuka da yawa, ta zana tsuntsu a kusurwar shafin ƙarshe, a shafin da ke gabansa ta ɗan ɗaga fiffiken, haka har shafi 24, sannan ta saki shafukan da babban yatsa ta ga ya tashi. Duk sana'ar a kan wannan aka gina ta. In ta ƙware, ki ara mata wayarki ta jingina ta da bulo don kada ta motsa, ta ƙera dabbobi da yumɓu ko karan dawa, ta ɗauki hoto, ta ɗan gusa su, ta sake ɗauka. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke haɗa hotunan su zama fim. Ki ce mata ta fara da kazar gidanku, ta zauna ta kalle ta na rabin awa kafin ta ɗora fensir, ta ga yadda kanta ke tsayawa cak a wuri ɗaya jiki ya biyo baya, sannan kan ya sake zabura gaba.